Fayil Ɗin Da Aka Jera Unguwa-Unguwa

Har yau ban manta da Larabar da na cika baki a gaban Alhaji Sambo ba. Shi ne shugaban ofishin rajistar ɗalibai a wata kwaleji cikin birnin Zariya, ni kuwa watana uku ke nan da kama aikin kwamfuta a ƙarƙashinsa.

Ga yadda aikin yake. Bayanan kowane ɗalibi suna cikin babban fayil guda, ana nemo su da lambarsa. In an gama jarrabawa, sai a saki furogiram ya bi fayil ɗin lamba bayan lamba yana saka sakamako, ba mai taɓa shi sai ya ƙare. Awa biyar yake ci, janaretanmu kuwa awa huɗu ake kunna shi a yini. Sau biyu wuta tana yankewa aiki bai ƙare ba. Ga 'yan ajin ƙarshe sun cika baranda, domin in ba a kafe sakamako ranar Juma'a ba, sunayensu ba za su shiga jerin masu fita na bana ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abu ne mai sauƙi. Furogiram ɗin yana ɗauko bayanin ɗalibi ɗaya ne, ya gyara, ya koma ya ɗauko wani. Zan sa shi ya riƙa ɗaukowa dami-dami."

Ya ce, "Malama Hauwa, kin tabbata?"

Na ce ko shakka babu. Haka muka karanta a makarantarmu ta Kongo, nan Zariya.

Na saka umarnin, na saki aiki. Ko minti ɗaya bai ragu ba. Sai da na duba littafin injin kwamfutar na ga ashe in an buɗe fayil don gyara, injin ba ya yarda da dami. Ranar Alhamis na raba aikin biyu, ƙofa ɗaya ta karantawa dami-dami, ɗaya ta gyarawa. Wannan karon ma dai kamar hawainiya, wuta ta tafi ko rabi ba mu kai ba. Kaina ya ɗaure tam. Na bi layukan furogiram ɗin sau uku, komai daidai yake, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da kuskure na gani, da na san abin da zan zaga.

Ina zaune na yi tagumi sai ga Baba Tanimu, tsohon akawun da ke riƙe da ɗakin fayilolin takarda. Gaskiya ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, don ko kunna kwamfuta bai iya ba. Ya tambayi abin da ya same ni, na gaya masa don dai kada in yi rashin kunya.

Ya ce, "To 'yar nan, damin naki daga ina yake ɗebowa? Ai yaran ba bisa lamba aka shigar da su ba."

Na ce, "Bisa me fa, Baba?"

"Unguwa-unguwa mana. Tun da can, sai takardar mai unguwa ta iso muke shigar da yaransa gaba ɗaya. Yau Kusfa, gobe Ƙofar Doka. Lamba kuwa sashen karatu ke bayarwa daga baya. Ni ma in aka ce in kawo fayil ashirin bisa lamba, kanta ashirin nake zagawa."

Nan take na gane. Ashe kafin injin ya cika dami guda bisa lamba, sai ya zaga ko'ina yana tsinto su ɗaya-ɗaya. Ni ina nan ina ƙara masa girman dami, ina ƙara masa yawo.

Safiyar Juma'a, ana tayar da janareta na ajiye kwafin fayil ɗin, na sa injin ya sake jera shi bisa lamba. Wannan kaɗai ya ci kusan awa guda, Alhaji Sambo na tsaye a kaina yana duba agogo. Sannan na saki furogiram ɗin. Ban yarda da idona ba, har na ɗauka tsallake ɗalibai yake yi. Na ciro guda goma na gwada da takardunsu, duk daidai. Kafin mai janareta ya tafi alwala an kafe sakamako, baranda ta kaure da ihu.

Alhaji Sambo ya ce, "Lallai karatun Kongo bai faɗi ƙasa ba."

Na yi shiru, ban ce Baba Tanimu ne ba. Wannan shirun yana damuna har yau, don a watan da ya biyo baya Baba ya yi ritaya, ban kuma gyara maganar a gabansa ba.

Shi ya sa ku da kuka zo bayana nake ce muku, kafin ku taɓa kowane fayil, ku nemi wanda ya san yadda aka cika shi. In kuma ya gaya muku, ku faɗi sunansa tun yana nan.