Hanyar da Injiniya Ta Bar wa Yaranmu

Safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina rubutu a kan allo shugaban makarantarmu ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, Injiniya ta cika." Na ajiye alli na zauna. Allah ne Ya ba mu ke, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa bayan jinyar da kika yi cikin haƙuri.

Saboda waɗanda ba su san ki ba, ke ce jami'ar ofishin tsara birni da aka ɗora wa duba shirin wani kamfani na gina shaguna da benaye a makeken filin da ke tsakanin makarantarmu da unguwar ɗalibanmu. Sai kin sa hannu za a aza tubali. A zanen da suka kawo, katanga ce za ta zagaye filin kaf. Ke nan yaranmu, har da 'yan aji ɗaya, sai sun riƙa zagayawa ta bakin babban titi inda manyan motoci ke sheƙa gudu.

Kamfanin ya yi mana alkawarin lambu mai koriyar ciyawa da ruwa mai tsartuwa. Mun yi ta tafi. Ke kuwa tambaya kika yi: wa zai riƙa shayar da ciyawar idan sun sayar da shagunan sun tafi, a unguwar da famfo ke kawo ruwa sai ya ga dama?

Ba zan manta ranar da kika sa aka kawo ƙaramin samfurin ginin da unguwar zuwa zauren taronmu ba. Kika aro zare da allurai wurin telan bakin makaranta, yana ta mita: "Hajiya, a dawo mini da abina fa, ɗinkin mutane na jira." Kika ce kowa ya kafa allura a ƙofar gidansa a jikin samfurin, ya ja zare zuwa inda yake zuwa kullum da safe. Iyaye suka ja, malamai muka ja, masu sana'a suka ja. Kafin a tashi, zaruruwan sun sarƙe a wuri guda, daidai inda aka zana katanga.

Manajan kamfanin ya yi murmushi ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai saƙa ce, ba aikin injiniya ba."

Kika miƙa masa almakashin tela kika ce, "Yallaɓai, wannan saƙar ce katangarka za ta yanke. Bismillah, fara da wanda ka ga dama."

Wata tsohuwa da zarenta ya nufi asibiti ta ɗago kai. "Ɗan nan, in ka yanke nawa, kai za ka riƙa goya ni."

Zaure ya kaure da dariya. Ya juya almakashin a hannunsa, ya ajiye.

Sharaɗinki bai da yawa, amma kin kafe a kansa. A buɗe hanya ta tsakiyar ginin, a dasa itatuwa masu jure fari, a tara ruwan rufin benayen don shayar da su. Sannan a gama wannan kafin a buɗe shago ko ɗaya, domin kin sha ganin yadda "daga baya" ke zama shiru. Kin sha magana. An ce kina tare wa gari ci gaba, har wasu iyayen da ke fatan samun aiki a wurin suka daina gaishe ki. Ba ki rama ba, ba ki kuma sa hannu ba, sai da aka sake zane.

Kuma aka yi! Aka yi hanya mai faɗi, mai inuwa. Shagunan da ke bakinta su aka fara kamewa, har manajan ya zo da kansa ya yi miki godiya. 'Yan matan ajina kuwa, da a da in na tambaye su burinsu sai su sunkuyar da kai, yanzu rabinsu injiniya suke son zama.

Zuwanki na ƙarshe, ciwo ya ci ƙarfinki, ko fitowa daga mota ba ki iya ba. Kika sa aka tsaya a bakin hanyar lokacin tashi, yara suna ta kwararowa da jakunkunansu suna tsere. Kika ce mini, "Malam, dubi yadda ba mai waiwayen mota." Tun da aka buɗe hanyar, ban taɓa zuwa asibiti duba ɗalibin da mota ta kaɗe ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da abokan aikinki. Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya albarkaci bayanta.

Ya Allah, Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Yadda ta raba 'ya'yan mutane da hanya mai hatsari, Ka ƙetarar da ita siraɗi cikin aminci, Ka sada ta da Aljanna. Amin.