Hermágoras Bracho da Katunansa Marasa Maki

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, 2025, da hantsi, Chinca ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Eudo, abokinka ya tafi." Haka na samu labarin rasuwar mijinta, Hermágoras Bracho, a wani asibiti a nan Maracaibo, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda.

Hermágoras, tun muna yara a unguwar Santa Lucía muke sayen katunan 'yan wasan besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, muna liƙa su a littafi da ƙullun fulawa. Sa'o'inmu duk sun girma sun bari, mu biyu muka ƙi. Daga baya ne ra'ayinmu ya bambanta. Ni na bi zamani: in aika kati ƙasar waje, masana su duba gefensa da kusurwoyinsa, su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, su rufe shi a gidan roba da ba ya buɗuwa. Kai kuwa naka suna cikin gwangwanayen biskit, duk mai so ya ɗauka ya juya, har ya shinshina.

Kowace Lahadi muna haɗuwa a barandarka, mu tsofaffin masu tara kati, Chinca na kawo kofi da soyayyen mandoka, ƙosan nan namu na garin masara. Da ka hango ni sai ka ce, "Ga gandiroba ya iso. Yau kuma wa ka ɗaure?"

"Gara ɗaurina da hannunka mai maiƙo," in ce.

Sai ka ce, "Kai dai faɗi gaskiya, tsoho, tsoron kayanka kake ji."

Ba zan manta da matar nan mai ɗinki ba, Marbelis. Ubanta ya buga wasa kaka guda a wata ƙungiya, ya rasu tana goye, kuma ko hotonsa ba ta da shi. Ka shekara kana cigiya, daga garin Cabimas har Barquisimeto, sai da ka samo katinsa. Da na gani na ja ka gefe, na ce irin wannan ba ya wuce a ƙirga da yatsu, ka bari a tantance shi tukuna. Ka ce, "Eudo, ubanta take so ta taɓa." Ka miƙa mata kyauta. Ta zauna a bakin matakala tana shafa fuskar da ke jiki da babban yatsa. Kai kuma ka shige ciki wai za ka duba ruwan kofi.

Sannu a hankali barandar ta bushe. Wannan ya bi 'ya'yansa Peru, wancan ya tafi Kolombiya, wasu ƙasa ta rufe su. Kusan duk wanda zai tafi sai ya sayar da katunansa ya yi kuɗin mota, kuma dillalan waje katuna masu maki kawai suke saye da daraja. Kai ba ka taɓa zargin kowa ba. Duk mai tafiya sai ka buɗe gwangwani ka ce ya zaɓi ɗaya, ya tafi da shi a aljihu. Har 'yarka ɗaya tilo, Yusmary, haka ka sallame ta ranar da ta hau motar Chile.

Sai ciwo ya zo. Wankin ƙoda ba ya jiran wuta ta dawo, ba ya jiran ruwa, magani kuma sai da dala. Wata safiya ka aiko a kira ni. Na same ka a kwance, riƙe da katin da ka fi so, na babban mai jifan ƙwallon nan da muke matuƙar ƙauna muna yara, wanda ka samu a cikin ƙunshin da mahaifiyarka ta saya maka. Wani dillali a Miami ya ce zai saya in ya samu maki mai kyau. Ka ɗora shi a tafina ba tare da ka dube ni ba, ka ce, "To, gandiroba, ɗaure shi." Na daɗe ina jiran ranar da zan ci wannan gardama, amma da ta zo, ban ji daɗin komai ba.

Na aika shi waje wurin masanan, watanni suka wuce kafin sakamako ya fito. Maki ɗaya, mafi ƙanƙanta. Akwai tabon ƙullu a baya, kusurwoyi sun dakushe, launi ya koɗe daidai inda yatsa ke sauka. Ba ƙarya suka yi ba, duk suna nan. Dillalin bai sake ɗaga waya ba. Da na faɗa maka, ka ce, "Ƙullun nan mamata ce ta dama shi." Abu ɗaya ka roƙa, a dawo da shi a fasa robar. Ba mu samu matafiyin da za mu amince wa ba har ka cika.

Mun binne ka mu kaɗan. Yusmary ta kalli jana'izarka ta waya, hoton na yankewa, tana ta cewa a ɗaga mata ta ga babanta. Jiya Chinca ta ce in zo in kwashe gwangwanayen, don ita ma za ta bi 'yarta. Na ce to, amma ban san wa zan ba ba. Babu yaro a layinmu da ya san sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da ke jikin katunan, ni kuma idona ya fara kasa karanta su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Chinca, da Yusmary, da jikokin da ba su san kakansu ba sai a waya, da abokanmu da ke warwatse a ƙasashen mutane. Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma, Hermágoras, Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutun da jinya ta hana ka. Mu da muka rage, Allah ya sa a samu wanda zai raka mu. Amin.

Eudo Villasmil
Maracaibo