Fitilar Saman Ƙofa

A ofis ana ce masa Kawu Fitila, saboda fitilar da ya maƙala a saman ƙofa. In manhajar kamfanin ta haɗu lafiya, gwaje-gwaje suka wuce, sai ta yi kore. In wani ya ɓata wani abu, ta yi ja.

Shekarun da take yawan yin ja, shi ne ɗan gaban goshi. Kowa sai ya rungumo kwamfuta zuwa teburinsa. "Kawu, taimaka, ta sake cijewa." Yakan yi mita, amma matarsa ta lura ranar da aka fi damunsa ya fi cin abinci.

Sai ya gyara komai. Ya daidaita gwaje-gwajen da ke faɗuwa ba dalili, ya koya wa tsarin gano mai ɓarna da janye ɓarnar da kansa. Fitila ta zauna a kore, teburinsa ya yi tsit.

Da aka fara rage ma'aikata, manaja ya dafa kujerarsa. "Kawu, wai yanzu me kake yi mana ne? Na sama suna tambaya."

Bayan ya wuce, Kawu ya karkatar da layi ɗaya a rubutun manhajar, yana gaya wa kansa gwada tsarin yake yi. Fitila ta yi ja. Ya gyara zama yana jira.

Ba wanda ya tashi. Nan take ta koma kore, allon kwamfutar da ke bango ya fito da sunan mai ɓarna. Manaja ya karanta.

"Kawu, leƙo ofishina in ka gama."