Mai Baƙin Tabarau a Rumfar Tela

Ranar kasuwar Sheme, Malam Gide tela yana kan kekensa, yana ɗinka rigunan ƙwallo na wani mai kanti a Ƙanƙara, kowace da sunan kantin a ƙirji. Sai ya ji an tsaya masa a ka.

Baƙon dogo ne, sanye da kwat mai gajeren hannu, kuma ko da ya yi sallama bai cire baƙin tabaransa ba. Damina ce, amma takalminsa babu laka. Hannunsa da laushi, sai dai akwai tsohuwar kantar almakashi a babban yatsansa. Gide yana raya wa ransa cewa wannan ma tela ne a da, kafin kuɗin man fetur su kai shi kamfanonin Kaduna, inda aka ce injina na fitar da riga ɗari kafin azahar.

Mutumin ya juya riga ɗaya ciki waje, yana bin ɗinkin da farce, leɓunansa na motsi.

"Guda nawa kake gamawa a yini, Malam?"

"Huɗu, Alhaji."

"Huɗu," ya maimaita, kamar mai gaida mara lafiya. "Su wa ke ba ka aiki?"

Don kara, Gide ya faɗa masa: mai kantin Ƙanƙara, na Faskari, da biyu a Sabuwa. Baƙon yana rubuta sunayen a bayan kwalin sigari. Ya ninke rigar, ya saya ba tayi, ya nufi rumfar tela na gaba. Sai a lokacin Gide ya gane cewa masu ba shi aiki baƙon ya zo farauta wa kamfani.