Ƙusoshin Hamisu a bangon warshata

Shekara takwas ke nan da rasuwar Hamisu, kuma zan faɗa a fili: aikina ya ƙwace.

Tare muka tashi a unguwar Aziziyya. Ni makanike ne, ina da warsha, wato garejin gyaran mota, a Sultana. Wani attajiri da nake gyara wa mota ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa, yakht, ya ajiye a Yanbu, bakin Bahar Maliya, ya ce ni yake so in kula da injinsa. Ya ba ni littafin jirgin in duba. Da Turanci yake, ni kuwa aji huɗu na tsaya. Sai na kira Hamisu ya karanta mini. Sati uku yana karantawa, ina yi masa bayanin abin da ya karanta. Daga nan na aike shi Yanbu ya kai amsata, cewa na yarda. Ya kai tasa, shi aka ɗauka.

Na samo taswira na manna a bango. Duk Juma'a sai in je gaida mahaifiyarsa, Inna Rabi, ta ce, “Ɗan'uwanka ya bugo, suna Shamu Shehe ko me?” In dawo in kafa ƙusa a Sharm, garin da take nufi. Ƙusoshi suka haura Bahar Maliya har Girka. Ban taɓa taka jirgin ba, amma na san injinsa biyu ne, na san na hagu ke fara zafi.

Kwanan baya wani likita ɗan Kano ya nuna mini a kwamfuta: ka rubuta sunan jirgi, ya fito ɗigo a kan ruwa. Yana nan, har da hotonsa, an sake masa fenti. Da Hamisu na raye da ya yi dariya, ya ce ga hutu ya zo wa gudumata. Amma ni ban cire ko ƙusa ɗaya ba.

Allah ya jiƙansa, bai taɓa barin Inna da yunwa ba. Wannan na shaida.

Zuwansa na ƙarshe, ciwo ya riga ya cinye shi. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, “Ya akhi, ɗan'uwana, ka yafe mini. Wallahi wahala ce kawai, kurkuku ne mai tsawon mita arba'in.”

Na ajiye sufana na dube shi. Na ce, “Arba'in da biyu ne, Hamisu. Da bakinka ka karanta mini. Shekara tara kana kwana a cikinsa, ko tsawonsa ba ka riƙe ba. Na yafe, halas, ya wuce. Amma ka sani, ni ne makanikensa.”