Balan-balan ɗin Malam Nasiru bai tashi ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Nasiru ya rasu.

Da safen nan ina ƙoƙarin tayar da babur ƙaninsa ya kira ni. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Har yanzu babur ɗin yana ƙofar gida, ko makullin ban zare ba.

Ga wanda bai san shi ba, abokin aikina ne. Shi Physics yake koyarwa, ni Geography, teburinmu ɗaya a ofishin malamai. Ɗan Ƙofar Mazugal ne. Mutum ne da in fankarka ta tsaya ba zai tambaye ka ba, sai dai ka dawo daga aji ka tarar da ita a warwatse, yana ba ka haƙuri zuwa azahar. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, shi ya riƙa shiga ajina ban roƙe shi ba. Ya zana wa yara taswirar Afirka a karkace, amma dai ya zana.

Kowa ya san shi da maganar balan-balan.

Shi da ɗalibansa suka haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana nauyi ba, da ɗan sola a bayanta. Za a rataye ta a jikin balan-balan mai iskar hiliyam, ta lula sama tana aiko da inda take, yara suna bin ta a waya. Ya ce aikina shi ne in riƙa gaya musu sunan ƙasar da take ketawa. Na ce in ta wuce Dawanau ma, tsirensa yana wuyana.

Ranar da za a sake shi muka hau saman soron gidansu. Iskar a wajen masu dekoreshan na biki ya samo ta. Balan-balan ya cika, zare na hannunsa, yara sun fara ƙirge. Sai ga jirgi ya taso, ya bi ta kanmu ƙasa-ƙasa har muna hango tagoginsa. Lokacin jigilar alhazai ne. Mu 'yan cikin gari mun saba, ko kai ba ma ɗagawa. Shi kuwa ya bi jirgin da kallo har ya ɓace, sannan ya fara nannaɗe zaren a hannunsa.

Na ce, "Haba Malam, wannan abin ko shirwa ba zai dama ba, balle jirgi."

Ya ce, "Wataƙila. Amma in na sake shi ba ni da ikon kiransa ya dawo, kuma iyayen mutane ne a ciki. Sai masu kula da sararin sun ce to."

Ya kwance bakin, iskar ta fice. Yara kamar su yi kuka. Ni kuma na wuni ina cika ina batsewa.

Daga baya ya gaya mini cewa zamanin soja an taɓa zuwa an sauke masa eriyar da ya kafa, ba a ce masa komai ba. Ya ce a lokacin ba a neman izini, ɓoyewa ake yi. Yanzu kuwa mulkin farar hula ne, akwai doka, akwai wanda za a tambaya. So yake yaran su ga an tambaya kuma an bayar.

Ya tambaya kuwa. Wannan ofis su ce maganar tsaro ce, wancan su ce maganar jirage ce. Wani jami'i mai kirki ya juya na'urar a tafin hannunsa, ya ce ta burge shi, amma bai san ƙa'idar abu ƙarami haka ba, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba. Ni ban ga laifinsa ba. Na ba Malam shawara mu fita can bayan gari mu saki abinmu, ya ce iska ba ta san bayan gari ba.

Yaran da suka haɗa na'urar sun gama makaranta. Wasu ma har sun yi aure.

Makon jiya na je duba shi. Na same shi a zaure a kishingiɗe, ya rame, amma bakin nan yana nan, har yana tambayar ko na gyara Afirkarsa. Da zan tafi ya sa aka ɗauko kwalin takalmi ya miƙo mini. Balan-balan ɗin ne a ninke, da na'urar.

Ya ce, "Ka ci gaba da zuwa ofisoshin nan. Kar ka sake shi a ɓoye, ko da ba na nan."

Na ce na yi alkawari, amma ya daina irin wannan maganar. Na ja hirar zuwa tsire.

Tun safe tsofaffin ɗalibansa suke turo mini saƙo, wai bayan addu'ar uku mu hau soron mu sake shi don tunawa da Malam. Wallahi babu wanda ya kai ni son ya ga abin nan ya tashi. Amma na yi alkawari, kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa wadda shi bai ƙwanƙwasa ba. In akwai wanda ya san mai bayar da izinin nan, don Allah ya yi mini magana ta inbox.

Ɗazu na buɗe kwalin a tsakar gida. Rana na taɓa ɗan solan, 'yar jar fitilar na'urar ta fara ƙiftawa, tana neman faɗar inda take. Na mayar da murfin na rufe.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansu.

Ya Allah, bawanKa Nasiru ya ji tsoron cutar da mutanen da ko fuskarsu bai sani ba. Ka amintar da shi daga abin tsoro, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya ba ni ikon riƙe zaren nan yadda ya riƙe.