An Kwance Famfonka, Jitman

Ranar Talata, tara ga watan Fagun na kalandarmu, da hantsi, ƙanena Jitman Ghising ya rasu a wani asibiti a Kathmandu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Shekarunsa talatin da takwas. Ya bar mahaifiyarmu da muke kira Ama, da matarsa Aitimaya, da 'yarsa da ba ta shiga makaranta ba tukuna, da ni yayarsa. Ina yankan ciyawa a ƙauyen mijina lokacin da Aitimaya ta kira. Na ce mata to. Na gama ɗaure ciyawar, na zuba wa awaki, sannan na fita neman mota.

Jitman, har yau ban yi kuka ba. Mata suna kallona a wurin zaman makoki, na san abin da suke faɗa, ban damu ba. Cikina shiru yake kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Abin da na iya kawai shi ne in ba ka labarin famfonka, don shi ne ya raba kan gidanmu bayan tafiyarka: ko ya zauna Ama ta huta, ko ya bi ka ta koma ɗaukar ruwa.

Da raksi Ama ta raine mu, giyar tambar da take dafawa a tsakar gida. Da ita muka ci, da ita aka yi maka kuɗin jirgi. Duk ɗan tudunmu na Temal ya san aikin: tukunyar tamba mai tsami a kan wuta, tasar tagulla cike da ruwan sanyi a samanta, tururi ya bugi gindin tasar ya ɗiga cikin ƙaramar tukunya. Ruwan tasa ya yi zafi, a kwashe a zuba sabo. Duk ruwan nan kuwa daga idon ruwan da ke ƙasan gangare yake zuwa, a tulu cikin kwando, igiya a goshin Ama. Shi ya cinye mata gwiwoyi, har likita ya ce in ta ci gaba za ta ƙare a zaune.

Ka dawo daga Qatar bayan shekarun da ka yi kana haɗa bututu a gine-ginen mutane, fuska a kumbure, kana cewa ƙiba ce. Ba ka iya hawan gangaren da tulu ba, ba ka kuma iya kallonta tana hawa ba. Sai ka tafi garin Banepa ka dawo da famfon ban-ruwa irin na gonar shinkafa, don a ganinka babba shi ne mai kyau. Ranar gwaji rabin ƙauye ya taru. Ka danna makunni, tiyo ya miƙe yana dukan iska, ya tsige tasa daga kan tukunya, ya kashe wuta, ya jiƙa Kawu Buddhiman, ƙanen Ama, daga hula har takalmi.

Kawu ya matse hularsa ya ce, "Injiniyan Qatar, giya muka ce ko kashe gobara?"

Kai ka fi kowa dariya. Ka mayar da famfon, ka auna tsayin gangaren da igiya, ka samo ƙarami wanda ƙarfinsa ya yi daidai da hawan. Ka yi masa rumfar kwano a bakin idon ruwa, ka ja waya zuwa tsakar gida, ka sa wa bakin tiyon kan famfo da reshe guda da ke kai rarar ruwa lambun alayyafo. Daga nan ka zama mai wa'azi. Kada a kunna shi babu ruwa a cikinsa. In za a rage gudu, a rage ta wajen fita, ba ta wajen shiga ba. Kada a toshe shi gaba ɗaya a tafi hira. Har 'yarka ta haddace, tana maimaita wa kaji.

Rigimarku da Ama ita ce na fi tunawa. Kai so kake ruwa ya yi ta gudana a tasa ba tsayawa, kada ya taɓa yin zafi. Aka yi haka sau ɗaya. Raksi ta fito garau, amma da mai saye ya tambaya ruwa nawa ce, ashe babu wanda ya ƙirga. A wurinmu da sauyin ruwa ake sanin darajar giya. Mai ruwa uku ita ake miƙa wa lama, malamin addininmu, da surukai, wadda aka ja ta fi haka ta masu hira ce. Giyar da ba a ƙirga ruwanta ba, ba ta da suna.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Ama. "Ta injin ce. Shi ya sha abarsa."

Ba ka yi musu ba. Washegari ka ɗauko kujera ka zauna, hannu a kan famfon. Ita ta tsoma yatsa a tasa, in ya yi zafi ta kwashe, kai ka buɗe a hankali har ta cika, ka rufe, ka kashe. Ka bar wa inji ɗauka, ka bar mata ƙirga. Haka ka yi wa gidaje huɗu a ƙauyen, ba ka karɓi ko rupi ɗaya ba, sai dai a ba ka shayi marar gishiri saboda ƙodarka. Da jiki ya ƙi, ka zaunar da Aitimaya a kujerar ka koya mata, kana faɗa tana haƙuri.

Bayan an ƙone gawarka a kan tudu, aka shiga shirin ghewa, sallamar da muke yi wa mamaci. An yi mutum-mutumi an sa masa rigarka da hularka, an jera masa abin da kake so. A ƙauyenmu duk abin da ran mamaci ya fi maƙalewa a kai, a gaban mutum-mutumin ake ajiye shi, daga nan abin ya bar gidan, don kada mai shi ya riƙa dawowa dubawa. An kawo agogonka da wayarka da jakar sifanunka. Sai Kawu ya ce saura famfo.

Aitimaya ta ce, "Kawu, famfo ai ba riga ba ne. Na gida ne. Ka dubi ƙafafun Ama mana."

Ni ma na goyi bayanta. Ni aurena a bayan dutse yake, Aitimaya kuma ga gona ga yarinya. Babu famfo, ko Ama ta koma gangare ko wutar raksi ta mutu, kuma da ita gidan yake ci. Aka kai magana gaban lama. Dattijon ya ce shi bai ga laifi a bar shi ba, rayayyu ma suna da haƙƙi. Kawu ya sunkuyar da kai. Na ɗauka an gama.

Ashe saura Ama. Tana zaune a bakin murhu, sai muka ji muryarta.

"Ku kwance shi."

Na ce, "Ama, lama ya yarda fa."

"Lama bai haife shi ba. Yaron nan yana gadon asibiti, allura a hannu, tambayarsa ita ce an rufe rumfa, an cire waya. Ko matarsa bai yarda ta kunna ba sai yana kallo. Muddin yana jin ƙarar abin nan, ina zai je?"

Na ce to za mu sayo wani. Ta ce ƙara ai ƙara ce, ba za a ji ta a gidan nan ba har shekara ta zagayo.

"Ina ɗaukar ruwa tun ba a san za a haife shi ba," in ji ta. "Ban manta hanya ba."

Ni na sauka na kwance shi, Jitman. Na cire waya tukuna kamar yadda kake cewa, na zubar da ruwan cikinsa, na goge shi da gefen zanena. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na ajiye shi a gaban rigarka, kusa da ƙoƙon raksi mai ruwa uku, ta ƙarshe da aka dafa da shi. Da aka gama, almajiran lama suka tafi da shi tare da sauran kayanka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ama, ga Aitimaya da 'yarta, ga Kawu Buddhiman wanda tun ranar ya kasa haɗa ido da yayarsa, ga dangin Ghising na gida da na ƙasashen waje, da matan gidaje huɗun da ka sauke wa tulu. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka maka hanya fiye da fitilun da muka kunna maka a ghewa, Ya sa inda za ka ya fi inda ka baro sauƙi.

Yau da safe, ina ɗaure kayana zan koma gidan mijina, na hango Ama a kan gangare, tana sauka a karkace, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a kan dutse. Na kira ta, ba ta juyo ba. Saboda haka roƙona ɗaya gare ka, ƙanena. Ka yi tafiyarka, kada ka waiwayo. In ka waiwayo za ka gan ta, kuma na san ka, ba za ka iya tafiya ba.